Shan shayi a salon Gwaggo, da tarihin kiɗan kuɗin haya

Wannan rubutu na tarihi ne, amma bari in soma da bashi, don bashin ne ya kai ni ga tarihin.

Mu uku ne a ƙungiyarmu ta kiɗa, in har ta isa a kira ta ƙungiya. Ni ke riƙe da gita, wata ƴar ajinmu ke waƙa, na ukunmu shi ke bugun ƙwarya. Dukanmu ɗalibai ne a Yamai, muna zaune a Harobanda, hayin kogi. Bara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke dafa mutum a tsaye, mai ƙwaryarmu ya shiga uku. Albasa ta faɗi a kasuwa, abin da mahaifinsa ke aiko masa daga ƙauye ya tsaya, haya ta taru masa har wata uku. Jaka goma sha biyar kowane wata, ka ga jaka arba'in da biyar ke nan. Mai gidan ya ba shi zuwa ƙarshen wata, in bai kawo ba ya kwashe katifarsa da littattafansa. Jarrabawa kuwa saura mako biyar.

Munka duba, ba mu da abin sayarwa sai kiɗa. Kama zauren wasa ya fi ƙarfinmu, ga kuɗin wuri, ga hayar bafal da mikro, kuma wa ya san mu balle ya sayi tikiti? Sai na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tsohuwar malamar lakwal, wadda ke da salon mai ɗan faɗi da baranda a gabansa. Na faɗa mata komai. Ta yarda tun kafin in gama. Sai na nuna mata saƙon gayyatar da na rubuta a salula, wanda ya soma da "Wasan taimako don biyan hayar ɗan'uwanmu". Ta gyara gilashinta ta karanta.

"Kai ɗan nan, mi ka rubuta haka? So kake ka tona mai asiri gaban ƴan mata? Goge wanga. Ka ce Gwaggo na gayyatar ku shan shayi ran Asabar bayan isha'i, kowa ya zo da dala hamsin ta sukari. Wanda ya gane ya gane."

Na goge. A lokacin na ɗauka dabarar tsofaffin Maraɗi ce kurum. Sai bayan watanni, da anka ba ni aikin gabatarwa a aji kan sakaya zance, wato yadda mutane ke lulluɓe maganar da ke da nauyin faɗa, ina cikin neman misalai na ci karo da hotunan wasu ƴan katunan gayyata da aka buga a Amurka kusan shekara 100 da suka wuce. Abin da Gwaggo ta sa ni yi, shi ne abin da masu katunan suka yi. Labarinsu nake so in ba ku.

Yadda haya ta kai mutane bango

Wurin shi ne Harlem, wata unguwa a arewacin tsibirin Manhattan, cikin birnin Niyu Yok. Daga wajen 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka bar jihohin kudancin Amurka suka nufi biranen arewa da na yamma. Abubuwa da dama ne suka kore su: dokokin wariyar launin fata, kisan gilla da gungun fararen fata ke yi ba shari'a, da wani ƙwaro da ya cinye gonakin auduga. Ga kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya tsayar da zuwan leburori daga Turai, har masana'antun arewa suka rasa ma'aikata. Mu da muka san cin rani mun san irin wannan tafiya, sai dai su ba su fita da niyyar komawa gida da damina ba.

Da farko don fararen fata masu ɗan hali aka gina Harlem. An zuba gine-gine fiye da kima ana jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso, sai kasuwar gidaje ta karye wajen 1904, benaye suka zauna wayam. Wani dillalin gidaje baƙar fata, Philip Payton, ya kafa kamfani a wannan shekara, ya riƙa karɓar gidajen yana zuba ƴan'uwansa haya. A 1910 baƙaƙen fata kusan kashi 10 cikin 100 ne na mazauna tsakiyar Harlem. Zuwa 1930 sun kai kusan kashi 70.

To ga inda gizo ke saƙar. A yawancin unguwannin birnin ba a ba baƙar fata haya. Mai gida a Harlem ya san ɗan hayarsa ba shi da wurin zuwa, sai ya lafta masa kuɗi fiye da abin da farar fata ke biya a kan irin wannan ɗaki a wata unguwa. Aikin da ake ba su kuwa mai ƙaramin albashi ne: dako, goge takalma, wanki da guga, aikatau a gidajen masu kuɗi. Sai mutane suka riƙa saka ƴan haya a cikin hayarsu. Har akwai gadon da mutum biyu ke kwana a kai bi da bi, mai aikin rana ya tashi da safe, mai aikin dare ya dawo ya kwanta gadon bai huce ba. Wanda ya kasa biya, a fitar masa da kaya a jibge bakin titi, kowa na kallo.

Maganin da suka yi wa wannan matsi, da shi suka zo daga kudu. A can, majami'u kan shirya ƴar walima, a dafa abinci a sayar, kuɗin ya tafi hidimar majami'a. A Harlem sai aka juya abin, kuɗin ya tafi aljihun mai gida. A kwashe gado da kujeru a tura su ɗaki guda, a naɗe darduma, a ɗaura jan ƙwan fitila, a kira mai piyano. Kuɗin ƙofa galibi santi 25 ne, rubu'in dalar Amurka. A kicin ana sayar da soyayyen kifi da kaza, da ƙafar alade, da shinkafa da wake. Waken nan kuwa irin namu ne, mai ɗan baƙi a hanci, asalinsa Afirka, ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi. Daren Asabar aka fi yi, sai daren Alhamis, ranar hutun mata masu aikatau. In an yi sa'a, kafin gari ya waye an haɗa abin da za a miƙa wa mai gida.

Abin da katin bai faɗa ba

Yanzu mu zo kan katunan. Ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, bugun araha. A sama akwai ɗan baiti layi biyu na barkwanci, sai sunan mai gayyata, sai lambar gida da rana. Ana miƙa su hannu da hannu a kan titi, ana kuma soke su jikin ƙarfen lif na benaye. Marubuci Langston Hughes ya yi shekaru yana tara su, yau suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Yale. A littafin tarihin rayuwarsa, The Big Sea, wanda ya fito a 1940, ya ba da labarin waɗannan darare, ya nuna sau da yawa sun fi masa gidajen rawa daɗi, kuma a nan yake haɗuwa da direbobi da masu wanki da teloli da ƴan dako.

Abin da ya tsayar da ni a kan katunan shi ne, galibi ba za ka ga kalmar haya a jikinsu ba. A baki kowa ya san sunan abin, bikin haya. A rubuce kuwa sai ka ga "taron wasan karta", ko "zaman zumunci na falo". Dalili ɗaya doka ce. Daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, kuma a waɗannan tarurruka ana sayar da ta haɗin gida, don haka ba mai son ya jawo hankalin ƴan sanda. Amma ina ganin dalili na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne na Gwaggo.

Ku lura, wannan sakayawa ba ta yaudari kowa ba. Wanda ya karɓi kati ya san mai gida ya matsa wa matar nan. Ita ma ta san ya sani. To mene ne amfanin lulluɓin? Amfaninsa ya sauya matsayin mutanen biyu. In na ce maka "taimake ni da kuɗin haya", hannuna na ƙasa naka na sama, kuma gobe in mun haɗu sai na sunkuyar da kai. In na ce "zo gidana ran Asabar", na zama mai masauki, kai ne baƙo, kai ne ma za ka yi godiya in za ka tafi. Kuɗin da ya sauya hannu ɗaya ne, amma mutuncin mai karɓa bai taɓu ba. Ga shi kuma abin zagayawa yake yi, yau a ɗakinka, mako mai zuwa a nawa, tamkar adashe.

Hausa cike take da irin wannan. Wanda gona ta fi ƙarfinsa ba ya cewa ya gaza, gayya yake kira, a zo da makaɗa a yi aiki ana raha. Mata na da biki, ki kai mata yau ta kawo miki gobe. Akwai ajo, inda ake tara jama'a da kiɗa a haɗa wa mutum abin da zai fita kunya. Ko kalmar "gudummawa" da muke fifita wa a kan "sadaka" in za mu ba tsaranmu, aikin da take yi ke nan. Tsakanin Harlem da Maraɗi akwai teku, amma talaucin da ke zaune tare da kunya, duk inda yake, irin wannan harshe yake nema.

Ita kanta kalmar ɗakin tana da labari. Ƴan'uwanmu na Najeriya na cewa falo, mu nan mun fi cewa salon. Falo daga Ingilishi ta zo, Ingilishi kuma daga tsohon Faransanci ya aro ta, tushenta ɗaya da parler, yin magana. A gidajen ƴan zuhudun Kirista na Turai, shi ne ɗakin da aka keɓe don ganawa da baƙi. Ashe ɗakin hira ne tun asali, aikin da zaure ke yi mana tun kafin gidan siminti ya zo.

Ɗaki ne ya koya wa hannu kiɗa

A shekarun nan Harlem ta yi suna a duniya da gidajen rawa. Mafi shahara shi ne Cotton Club, wanda aka buɗe a 1923 a kan titin Lenox. Makaɗa da ƴan rawa baƙaƙe ne, ƴan kallo kuwa fararen fata, ɗan unguwa ba ya shiga ya zauna. Savoy, da aka buɗe a 1926 ƴan taku kaɗan daga nan, shi yana karɓar kowa. Amma mai wanki da ta tashi aiki a gajiye, wadda ke son wurin da za ta ci abincin garinsu ta ji karin harshen garinsu, ɗakin maƙwabciya ya fi mata.

A ɗakin haya kuwa babu wurin zuba makaɗa goma. Abin da ke akwai piyano ne a jingine da bango, sau da yawa tsoho, wanda ake biya kaɗan-kaɗan. Wani lokaci mai gita ya shigo, ko mai ƙaho, ko wani ya hauro da ƴan gangunansa daga titi. Amma nauyin daren duka a kan mai piyano yake. Dole mutum guda ya zama ƙungiya sukutum, ya riƙe masu rawa har asuba, ba mikro, cikin hayaniya da ƙarar takalma.

Wannan larura ce ta kaifafa salon da ake kira dogon taku. Hannun hagu ya sauka can ƙasa ya bugi murya mai kauri a bugu na ɗaya da na uku, ya yi tsalle zuwa tsakiya ya danna muryoyi uku ko huɗu a haɗe a bugu na biyu da na huɗu. Haka zai yi ta safa da marwa ba hutawa, shi ne ganga, shi ne mai ba da amo. Hannun dama kuma na sama yana zuba waƙar da adonta. Da na karanta wannan bayani sai na tuna hannun mai ƙwaryarmu: dunƙulen hannu ya ba da amo mai zurfi, yatsu su amsa da ƙas-ƙas, mutum ɗaya yana aikin biyu.

Uban wannan salo shi ne James P. Johnson, haifaffen 1894. Shi ya tsara kiɗan Charleston a 1923, wanda rawarsa ta game duniya, kuma kiɗansa Carolina Shout, da ya ɗauka a faifai a 1921, ya zama jarrabawar duk mai son a kira shi makaɗin piyano a Harlem. Abokinsa Willie Smith, mai laƙabin Zaki, an san shi da hular kwano da sigari a baki. Na ukunsu almajirin Johnson ne, Fats Waller, haifaffen 1904, ɗan mai wa'azi. Mahaifinsa kiɗan majami'a yake so ya yi, ba ya ƙaunar wannan na dare. Ni da aka daɗe ana tambayata a gida ko a zuriyarmu akwai maroƙi, na san irin zaman da aka yi a gidan nan.

Waɗannan mutane kan yi gidaje biyu ko uku a dare guda. In sun haɗu a ɗaki ɗaya sai gasa ta tashi: wannan ya kaɗa, wancan ya zame kan kujerar ya karɓa daga inda ya tsaya, ya ƙara sauri, ya sauya murya, ya nuna abin da na farko bai iya ba. Alƙalai su ne masu rawa. Babu takardar shaida, babu malami da alli, amma makaranta ce. Duke Ellington, tun yana saurayi a Washington, ya koyi Carolina Shout ne a jikin piyano mai kaɗa kansa da naɗin takarda mai huji-huji: ya rage masa gudu, ya riƙa ɗora yatsunsa inda maɓallan ke nutsewa. Da ya koma Niyu Yok a 1923 aljihu ba nauyi, Zaki ya ja shi a jiki, yana bin su irin waɗannan darare. A ƙarshen 1927 ya samu aikin Cotton Club, rediyo ta kai sunansa ko'ina. Masu kuɗin da ke tafa masa a can, kaɗan ne cikinsu suka taɓa taka benen da aka gasa hannunsa.

A Shikago ma haka abin yake, sai dai can wani salon ya fi ƙarfi, bugi-wugi, inda hannun hagu ke maimaita zubi guda yana gangarawa kamar jirgin ƙasa. A Disamban 1928 wani saurayi, Pinetop Smith, ya ɗauki faifan da ya yaɗa wannan suna. In ka saurara za ka ji yana kiɗa yana yi wa masu rawa magana, yana gaya musu inda za su tsaya cik da inda za su motsa, kamar suna gabansa a ɗaki. Watanni uku bayan haka harsashi ya same shi a wani gidan rawa da faɗa ya ɓarke, ya mutu yana da shekara 24.

Kada in gyara labarin fiye da yadda yake. Inda giyar haɗin gida da caca da cunkoso suka haɗu, faɗa ba ya nisa, har da wuƙa. Wasu sun mai da abin sana'a, suna shirya biki kowane mako ko ba haya a kansu. Fats Waller da kansa, a wata waƙarsa ta 1937, The Joint Is Jumpin', ya kwaikwayi irin wannan dare tun daga raha har zuwa isowar ƴan sanda. Masu wa'azi da ƴan boko masu kare sunan al'umma sun ƙi jinin abin. Da Wallace Thurman ya sa bikin haya a wasan kwaikwayonsa mai suna Harlem a 1929, wasu baƙaƙen fata sun ji haushi, a ganinsu ya baje wa bare abin da ya kamata a bari a cikin gida. Ka ga maganar rufin asiri ta sake dawowa ta wata ƙofa.

Inda kalmomin suka je

Ni ɗalibin harshe ne, don haka ku yi mini haƙuri in bi sawun kalmomi biyu. A Shikago bikin haya na da sunaye da yawa, ciki har da bugi da sikiful. Akwai masu cewa bugi daga "buga" ta Hausa ta fito. Abin da daɗin ji, amma darasin farko da aka koya mana a ilimin tarihin harsuna shi ne kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne, sai an nuna hanyar da kalma ta bi. Don haka na ajiye wannan a gefe.

Sikiful kuwa sawunta a fili yake. Ta ƙetare zuwa Ingila a shekarun 1950, ta zama sunan kiɗan da ake yi da kayan gida: gita mai araha, allon wanki da ake karta da yatsu, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sandar tsintsiya da igiya ɗaya, abin da duk wanda ya taɓa haɗa gurumin gwangwani yana yaro zai gane. Lonnie Donegan ya yi kasuwa da wannan salo a 1956, samari dubbai suka kafa ƙungiyoyi a ɗakunan iyayensu. Ɗaya cikinsu ita ce Quarrymen ta John Lennon a Liverpool. Ranar 6 ga Yulin 1957 ya haɗu da Paul McCartney a wani bikin majami'a, daga nan hanyar Beatles ta soma.

A Niyu Yok kuma dabarar ba ta mutu ba. Ranar 11 ga Agustan 1973, a unguwar Bronx, wata yarinya, Cindy Campbell, tana son kuɗin kayan komawa makaranta. Ta kama ɗakin taro na benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, ta rubuta gayyata da hannu a kan ƴan katuna, mata santi 25, maza santi 50. Wanta, DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, shi ya juya faya-fayai. Wannan dare ake ƙirgawa a matsayin mafarin hip-hop. Saboda haka rap ɗin da Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass Wong suka yi mana da Hausa da Zabarmanci, in ka bi salsalarsa, za ka tarar da wata yarinya a bakin ƙofa tana karɓar silalla.

Daren namu

Ran Asabar ɗin munka fitar da kujerun Gwaggo tsakar gida, munka shimfiɗa tabarmi. Mutum 37 sunka zo, ɗalibai, maƙwabta, da ƙawayen Gwaggo su biyar da sunka kama bango guda sunka zauna kamar alƙalai. Waɗanda ba su samu wuri ba sunka tsaya baranda suna leƙe ta taga.

Abin da na koya a daren nan, ban koye shi a wata shida na gwaji ba. Mun saba kaɗawa da ƙarfi, muna mafarkin dandamali. A bugun farko ƙwarya ta cika ɗakin ta haɗiye muryar mai waƙa ɗungurungum. Dole munka tsaya, munka ninka bargo biyu a ƙarƙashinta, shi kuma ya rage dunƙule ya koma yatsu. Ni na ajiye ɗan robar da nake kaɗawa da shi na koma fatar yatsa. Babu mikro, don haka mai waƙa ce ma'auni, kowa ya yi ƙasa da ita. Tsakanina da mutumin farko bai fi taku ɗaya ba. Da na kuskure murya a waƙa ta biyu, na ga fuskar da ta ji. A dandamali duhu na rufe maka jama'a, nan kuwa ko cokali ya taɓa kofin shayi sai ka ji.

Jerin waƙoƙin da munka tsara bai kai rabi ba anka watsar da shi. Wata ƙawar Gwaggo ta ce: "Ku ɗiyan nan, ba ku da ta rawa?" Ba mu da ita, sai munka ɗauki amshi guda munka yi ta juya shi, mai waƙa na saka sunayen garuruwan waɗanda ke zaune, Tawa, Madawa, Tasawa, Damagaram, duk wanda anka ambaci garinsu ya yi kuwwa. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Da a zauren wasa ne da shi ke nan. Mu ba abin da ya tsaya sai fanka, anka kunna fitilun salula, zufa na zuba, munka ci gaba. Ƙarfe goma sha ɗaya Gwaggo ta ɗaga hannu, don ta yi wa maƙwabta alkawari, munka rufe.

Kuɗin sukari ya ba da jaka tara da ƴan kai. Dambun zogala da zoɓon da ƴaƴan Gwaggo sunka sayar ya kawo ribar jaka bakwai da rabi. Faifan da ta ajiye bakin ƙofa ba tare da ta ce komai a kansa ba, an samu jaka goma sha huɗu a ciki. Duka jaka talatin da ɗoriya, hayar wata biyu. Ba ta kai ba, amma mai gidan ya karɓa ya ɗaga ƙafa, abokinmu ya rubuta jarrabawarsa a ɗakinsa.

Tun daga farkon dare har ƙarshensa ba wanda ya furta kalmar haya. Da jama'a sunka watse muna naɗe tabarmi, Gwaggo ta ƙulle kuɗin a gefen wani tsohon kallabi, ta kira mai ƙwarya kicin inda ba kowa. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya, na ji abin da ta ce masa.

"Ɗana, ga canjin sukari ya yi saura. Riƙe mini shi wurinka."